Ragon Inna a Firigon Motata

Ba zan taɓa mantawa da Sallar Layyar nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa surukaina suna nan da ransu, ƙwaƙwalwarsu garau. Ni malamin fizik ne a wani kwaleji a Dogon Dutsi. Ku riƙe wannan da kyau, fizik na ce. Ni ne mai tsayawa gaban allo da alli a hannu ina koya wa ƴaƴan mutane lissafin ƙarfin wuta, ina hararar duk wanda ya rikita wat da bolt. Na faɗi haka tun da wuri ne don kada wani ya ji tausayina nan gaba ya ce ai rashin sani ne.

Abin ya samo asali daga waya. Na yi ta kallon Turawan nan da ke mai da mota ɗaki, su kwana ciki, su yi girki ciki, yau su farka bakin teku gobe gindin dutsi. Na ce yo wannan ɗin me ya gagare ni? Dutsi dai muna da shi, har sunan garinmu ne. Na samu wata tsohuwar motar haya mai kujera goma sha tara wadda ta gaji da kai-kawo tsakanin Dutsi da Doso, na ciccire kujerun, kafinta ya buga mini gado da ɗan kabad. Na ɗora pano biyu a kan rufi, wato farantan nan masu shan hasken rana. Na ajiye manyan batira biyu ƙarƙashin gado, sannan na haɗa ondilar, akwatin da ke juya wutar batir ta koma kuran, lantarki irin na gida, wanda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke ce wa inbata. Na sa fanka, na sa tele, na sa ƙaramin firigo, wato firiji, irin na kwance. Batiran kuwa da gangan na ƙi haɗa su da injin motar, don kada wata rana su shanye wutar tayar da ita in kwana a daji. Rana kaɗai ke cika su, kuma na sha yin alfahari da wannan dabara a gaban mutanen da ba su tambaye ni ba.

Matata Ramatu ta leƙa ciki ranar da na gama, ta ce, "Mutane na gina ɗaki sannan su sai mota, kai ka sai mota ka gina ɗaki ciki. Allah shi kyauta."

Amma fa motar tana aiki, ba zan bari a ci mata mutunci ba. Na je da ita kasuwar Kore Mairuwa da tsakar rana, na zauna ciki fanka na kaɗa ni ina shan ruwan ƙanƙara, mutane na wucewa suna leƙe. Ƴan kabu-kabu suka raɗa mini Mushe Tafi-da-gidanka, ni kuma na karɓi sunan hannu bibbiyu. (Mushe a wurinmu malamin makarantar boko ne, ba mushen dabba ba.)

Da Babbar Sallah ta matso, Ramatu ta ce bana a gidansu take so mu yi. Ƙauyensu yana can gaba da Ɗan Kassari, babu kuran, babu ko turken wayar wuta ɗaya. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na loda dutsen guga na kuran, na loda injin markaɗe, na ɗauki doguwar igiyar wuta mai baki shida. (Babu wanda ya ce in kawo su. Ni na ga ya dace mutanen ƙauye su ga ci gaba.) Muka isa ranar jajibir da hantsi, na ajiye motar jikin dangar gidan surukina, Baba Arzika. Kafin in kashe inji unguwa ta taru. Na tsaya bakin ƙofar motar na yi jawabi kamar ɗan takarar meri, wato kujerar magajin gari, na rufe da cewa, "Motar nan taku ce. Kowa ya yi abin da ya ga dama da ita, kada a tambaye ni."

Suka kuwa ɗauke ni da maganata. Kafin azahar wayoyi sun fi ashirin a jere kan gadona. Wannan bai dame ni ba, waya ba ta cin komai. Sai ga Sha'aibu, ƙanen Ramatu, ɗan kasuwa ne a Dutsi, mai gemu da ɗagaggen wando, abokin wasana ne tun da na auri yayarsa. Ya hango dutsen guga ya ce, "Mushe, ashe dai kana da amhwani." Ya goge jallabiyarsa, ya goge babbar rigar Baba, daga nan kayan Sallar rabin unguwa suka biyo layi. Na kalli ɗan allon da ke nuna ƙarfin batir na ga ya yi ƙasa, na ce ba komai, gobe ma rana za ta fito.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Inna, mahaifiyar Ramatu. Shekara goma sha ɗaya ina auren ƴarta, maganar da ta taɓa shiga tsakanina da ita ba ta wuce gaisuwa ba. In cire takalmi tun daga bakin danga, in durƙusa can nesa, in ce ina kwana, ta amsa fuskarta na kallon turmi. Ba na cin abinci inda za ta gan ni, ba ta ambatar sunana. In tana da magana da ni, Ramatu take gaya wa ko da ina tsaye a wurin. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba.

A shekarar nan Inna tana da rago. Ita ta kiwata shi da hannunta tun yana ɗan ƙarami, da harawa da dusa da ruwan tsari, har wanka take masa. Fari ne mai baƙin wuya, in ya taka sai ka ji ƙasa ta amsa. Layyarta ce ta farko da ragon kanta. Kowa a gidan kuma ya san dalili, ko da yake babu mai faɗa: ɗanta na fari, Yaya Mainasara, zai zo gida bayan shekara huɗu a Kwatano. Ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Iyakarta ta ce "mutanen Kwatano". Duk abin da bakinta ya kasa faɗi shekara huɗu, a cikin ragon nan ta zuba shi.

Ranar Sallah, mun sauko daga idi ke nan, wayar Sha'aibu ta yi ƙara. Mainasara ne. Motarsu ta lalace a hanya, ba zai iso ba sai jibi. Muna zaune a zaure, Baba Arzika ya ce, "To, ba abin tashin hankali ba na. A yanka nawa da na Sha'aibu yau. Nata a bar shi da rai nai. Layya kwana ukku ta. In yaz zo jibi, a yanka gaba nai."

Magana ta ƙare ke nan, da a ce Allah ya ba ni ikon riƙe bakina. Dattijo ya warware matsala cikin numfashi ɗaya, babu waya babu batir. Amma ni ina zaune ina jin ana shirin yin Sallah ba tare da an buƙaci firigona ba.

Na gyara murya na ce, "Baba, ai ranar farko ta fi lada. Ko ba haka ba, Sha'aibu?"

Sha'aibu ya ce, "Wannan gaskiya na, ranar hwarko ta hi."

Na ce, "To a yanka yau Inna ta samu ladarta cikakkiya. Ni zan ajiye naman a firigo. Jibi Yaya ya tarar da shi ɗanye shar, kamar yanzu aka feɗe."

Baba ya dube ni. "Mushe, ɗanyen nama, cikin zahin ga, kwana biyu?"

"Baba, cikin akwatin nan ruwa dutsi yake zama. Na ɗauki alhakin naman nan a wuyana."

Aka aika Ramatu ciki ta tambayo mai rago. Ta dawo ta ce, "Ta ce in mai ilimi ya hwaɗi, ita mi tas sani."

Na ji wani daɗi har tafin ƙafata. Aka yanka raguna uku. Na Baba da na Sha'aibu aka yi musu yadda ake yi kowace shekara: aka baje su a kan itace biyu gicciye, aka jingina su kewaye da babbar wuta a ƙofar gida, su wuni suna gasuwa a hankali sai washegari a raba. Na Inna kuwa aka sassare shi gunduwa-gunduwa aka kawo mini a cikin roba, yana tururi. Ko hantar ta hana a soya, don wai mutanen Kwatano suna son hanta. Na danna naman nan a firigo da ɗuminsa har murfi na rufuwa da ƙyar. (Ɗalibina na aji biyu ya san cewa in ka cika ƙaramin firigo da abu mai zafi, injinsa zai wuni yana gurnani bai huta ba. Ni malaminsa na san haka. Na dai ga mutane na kallo.) Na kawo kwaɗo na datse murfin, na jefa makulli a aljihu, na yi shela cewa kada wanda ya buɗe, sanyi zai gudu.

Bayan azahar ina zaune bakin mota sai ga Inna ta fito daga cikin gida rungume da wani kwali, Ramatu na biye da ita. Na yi wuf na sauka na durƙusa. Ta tsaya nesa, ta juya wajen Ramatu ta ce, "Tambayi mai motar ko abin ga na iya shan wuta tai."

Butar dafa ruwa ce ta kuran, sabuwa dal a ledarta. Mainasara ya aiko mata da ita shekara uku da suka wuce, kuma tun ranar tana saman jeren kwanukanta, ana goge mata ƙura, ba ta taɓa ganin ruwa ba. Na juya gindinta na karanta: wat dubu biyu. Wallahi kafin in ɗago kai na gama lissafin. Batiran da guga ta riga ta tatsa, ga firigo na fama da rago guda, ga wannan. Amsar a fili take. Sai dai yaya zan dubi surukata, a karo na farko da ta taɓa neman wani abu a wurina, da kyautar ɗanta a hannu, in ce a'a?

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ki ce wa Inna ko goma gare ta ta kawo."

Aka zuba ruwa aka jona. Mata suka kewaye. Ruwa ya tafasa babu itace babu hayaƙi, butar ta yi ƙas ta kashe kanta, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Inna ta yi dariya. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar, kuma na rantse a lokacin da an ce in ƙone motar don ta sake dariyar, da na nemi ashana. Aka dafa na shayi. Aka dafa na wanke kwanukan maiƙo. Aka dafa don maƙwabta su zo su ga yadda take kashe kanta. Har wata mai jego a maƙwabta sai da aka aika mata buta huɗu. Ana cikin haka Ramatu ta tuna da injin markaɗe, aka shiga niƙa tattasai da albasa.

Wajen la'asar ondilar ya fara kuka, ƙit-ƙit-ƙit. Wannan kukan ma'anarsa ɗaya ce, batir ya kusa ƙarewa. Baba Arzika yana juya rago a bakin wuta ya ɗago ya ce, "Mushe, mi abin naka shika cewa?"

Na ce, "Alama ce, Baba. In yana aiki da kyau haka yake yi."

Na shiga na danna maɓallin da ke rufe masa baki, na fito ina murmushi.

Washegari da sassafe na leƙa motar, shiru. Ondilar ya mutu, firigo ba ya motsi. Na kunna, ya ɗan yi gurnani, ya sake ɗaukewa. Na ce ba komai, rana na tafe. Rana ta fito ta ɗaga, na duba allo, babu ko ɗigon wuta da ke shigowa daga pano. Na ɗaga kai na ga wani ɗan gajimare can wajen gabas wanda bai kai tabarma ba, na ɗora masa laifi. Da Inna ta aiko da buta don ruwan koko, na ce a gaya mata butar sabuwa ce, ba a son a matsa mata, yau ranar hutunta ce.

Ramatu ba ta tafi da saƙon nan take ba. Ta tsaya ta rage murya ta ce, "Naman hwa?"

"Ya daskare tun jiya. Firigo in ba a buɗe ba, yana riƙe sanyi kwana biyu."

"Buɗe mu gani."

"In na buɗe ai shi ke nan, sanyin ya fita."

"Ka ji ni da kyau," ta ce. "Yau aka suya. Ga mai can bisa wuta, ga mata zaune. In kana da shakka ko ƙanƙane, hiddo shi yanzu a soye, babu wanda zai ce maka komi."

Ga amsar da na ba matar da ta haifa mini ƴaƴa uku, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse: "Ramatu, tsakanin ni da ke wa ya karanta fizik?"

Ta dube ni ta ɗauki butar ta tafi. Gaskiya ne firigo yana riƙe sanyi in abin da ke ciki ya riga ya daskare. Ko nawa ya daskare, wannan ne ban sani ba, kuma makullin sanin yana aljihuna. Tsoro nake ji in buɗe in ga abin da zai sa in je gaban Baba in ce na kasa. Sai na zaɓi in bar shi rufe in yi ta fata.

Ranar aka sauke gasassun raguna biyu aka shiga rabo. Gidan liman, gidan gwaggo, gidan wanda bai samu yanka ba, dangi na ƙauyen gaba. Ina tsaye na ji Baba na ce wa Sha'aibu, "Ƙara masu, ƙara masu. A ba da duka in ta kama, ai nata na nan bai taɓu ba." Na ji maganar sarai, na juya na shiga gaisawa da wani baƙo. Daga baya na hau bayan babur ɗin Sha'aibu muka tafi yawon barka da Sallah, muka wuni. Da muka dawo na kara kunne jikin firigo, na shafa gefensa, babu sanyi babu ɗumi. Akwai wani ɗan wari-wari kewaye da motar, da ƙudaje masu yawa can sama, amma ranar biyu ga Sallah ina ne ba ya warin fata? Na rufe ƙofa na je na ci tuwo.

Rana ta uku, kafin azahar, ɗan kabu-kabu ya sauke Mainasara a ƙofar gida. Dogo, ya yi ƙiba, ya yi furfura kaɗan a gemu. Gida ya kaure da murna. Inna kuwa ta shige ɗaki, da ya je ya durƙusa bakin ƙofa ta amsa gaisuwarsa a taƙaice kamar jiya suka rabu. Amma na ga tukwane uku a kan murhu, albasa a yanke, mai a kwalba, an share gindin wuta don gashin hanta.

Abin da ban sani ba shi ne, kwana biyun nan Baba Arzika yana ta ba da labarina a masallaci. Wai surukinsa na Dutsi yana da akwatin da ke tsai da nama kamar ranar da aka yanka. Don haka da aka sallame azahar bai dawo shi kaɗai ba. Liman na gaba, dattawa bakwai ko takwas na biye, kowa da sandarsa, sun zo ganin ikon Allah. Mata suka tsaya bakin danga da robobi. Baba ya ce, fuskarsa cike da fara'a, "Bisimilla, Mushe. Gwada masu."

Kun san abin da na yi? Jawabi na yi. Da makulli a hannu na tsaya na yi wa dattawan nan bayanin yadda hasken rana ke zama sanyi. Ina jin na yi minti biyar. Ina tsammanin ina fata ne ƙasa ta tsage kafin in gama. Da ba ta tsage ba, na sa makulli na ɗaga murfi.

Ba zan kwatanta muku launin naman ba, wataƙila wani na cin abinci. Warin dai bai fito a hankali ba, duka ya kawo. Liman ya ja da baya ya toshe hanci da bakin rawani. Wani tsoho mai ciwon gwiwa, wanda da ƙyar aka taimaka masa ya iso, na gan shi ya kai gindin itacen bedi babu sanda. Ledojin sun kumbura, ruwa ya taru a ƙasa, hantar da aka ajiye a sama a cikin kwanon Inna mai murfi ita ta fi kowa lalacewa. Can na ji Baba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar an kawo masa labarin rasuwa.

Na ce, "Rana ce... kwana biyun nan rana ba ta..." Kowa ya ɗaga kai. Sama fes, rana na ƙona ƙeya.

Mainasara ya taka tayar baya ya leƙa kan rufin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Mushe, panon naka hwata shika ci?"

Na hau na gani da idona. Fatun raguna ne, sun fi goma, an shimfiɗe su tsaf a kan panon nan biyu, an barbaɗe da gishiri, an danne kowane gefe da dutsi. Ko tafin hannu na gilashi ba a gani.

Sha'aibu ya ce, "Na masallacinmu na, mu ka tara su kowace shekara. Ƙasa karnuka ka ja, shi ya sa nih hau da su tun ranar Sallah. Ai kai kac ce motar tamu ta, kar a tambaye ka."

Wayyo, na ji wani sanyi a raina. Ga mai laifi Allah ya kawo, da gemunsa da komai. Na buɗe baki zan sauke masa kwandon duka, har na ɗaga yatsa. Sai idona ya faɗa kan Ramatu a bakin danga, roba a hannu. Ba ta tona ni ba, kallona kawai take. Baba Arzika kuma, wanda bai taɓa shiga lakkwal ba, ko aji ɗaya na boko, ya yi tambayar da ta fi duk wadda na taɓa sa wa ɗalibai a jarrabawa.

"Mushe, yaushe kas san wutar ta ɗauke?"

Na sauke yatsa. Na ce, "Jiya da safe, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Jiya da sahe mai na bisa wuta."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ya zage ni, da ya ɗaga sanda, da na samu abin riƙewa. Ya juya ya ba dattawa haƙuri ya raka su. Da na waiga bakin danga, Inna ba ta nan, sai tukwanenta uku a kan murhu.

A amalanken jaki muka ɗora firigon, ni da Mainasara, muka kai bayan gari muka haƙa rami. Muna haƙa karnuka na zaune a layi suna jiran mu gama. Ya share gumi ya ce, "Shekara huɗu ban taɓa hauya ba, ka ga tarbar da kay yi min." Ya yi dariya, na yi ƙoƙarin taya shi abin ya ƙi. Da muka dawo na sami Baba a zaure na ce zan hau babur yanzu in nemo wani rago, ko nawa ne. Ya ce, "Layyarta ta yi tun shekaranjiya, Allah shi karɓa. Wanda taka so yaron ga shi ci, shi na kunka rufe. Babu irinai kasuwa."

Labari a ƙauye ba ya buƙatar caji. Kafin la'asar kwanuka suka fara shigowa. Gidan liman, gidan gwaggo, har gidan da bai samu yanka ba, wanda jiya aka kai wa, yau ya ɗebo daga abin da aka ba shi ya mayar. Kowane kwano da tsoka biyu ko uku na soye, kuma kowace mai kawowa sai ta ce, "A gai da baƙo, a kuma gai da Mushe da ƙoƙari." Da wannan naman aka yi wa Mainasara miya. Ya ci ya yi santi da ƙarfi yadda za a ji daga ɗakin Inna. Ni ina cikin mota, ƙofa a rufe, babu fanka.

Da safe muka yi shirin komawa Dutsi. Na cire takalmi na durƙusa nesa da ƙofar ɗakinta kamar kullum. Abin da aka saba in ce shi ne mun tafi, ta ce a sauka lafiya. Na ce, "Inna, a gafarce ni." Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. Sannan na ji ta ce wa Ramatu, "Ce mai Allah ya riga ya rubuta. Ce mai shi gai da yara." Ta miƙo wani kwano ta bayan labule. Soyayyen nama ne, daga wanda maƙwabta suka kawo, kuma da gani an zaɓo masu kyau ne, don ba a sallamar suruki hannu wofi. Rabon ɗanta ta rage ta ba mutumin da ya ruɓar mata da kiwon shekara guda.

Na ɗora kwanon a cinya na tayar da mota. Mun fita gari, mun wuce gonakin da aka fara shuka. Can Ramatu ta dubi kwanon ta dube ni ta ce, da ladabi ƙwarai, "Ko in sa maka shi a firigo?"

Na tsaya gindin wani gawo na kashe inji, na ci naman nan ina share ƙwalla, ita ma ta sa hannu, muka cinye tas. Na daɗe ina gaya wa kaina kunyar surukuta ce ta jawo mini, kuma ta ɗauki nata kaso, don batir bai san suruka ba. Amma wadda ta kashe ragon Inna ita ce ɗayar, kunyar a ce Mushe bai iya ba. Don haka ga abin da na samu, kyauta na ba ku, ni da tsada na saya: in amanar mutane ta fara lalacewa a hannunka, ka yi ihu tun mai yana kan wuta.